Fatalwar da Aka Yanke wa Wutsiya

Tun ranar da aka nuna fatalwar tashar jirgin ƙasa a talabijin, Gyaɗa ta daina ratsa tsakar gidanmu idan akwai farin zane a kan igiya. Gyaɗa 'yar yayata ce, bana ta shiga makaranta, kuma ƙanƙantarta ce ta jawo mata sunan. Abin da ya dagula lamarin shi ne Yaya ma'aikaciyar jinya ce, igiyar shanyarmu ba ta rabuwa da fari: rigunan aiki, tawul, zannuwan gado. Banɗaki kuwa yana can bayan igiyar. Sai yarinya ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki tana matse ƙafafu, tana kallon zane yana kumbura da iska yana sacewa, har sai wani ya zo ya riƙe mata hannu. Ranar da ba ta sami kowa kusa ba, a wando ta yi, ta zauna a kan dakali tana kukan da ba shi da sauti.

"Ke ce fa kike aiki a gidan talabijin ɗin nan," in ji Yaya, tana cuɗa wandon a roba. "Ku kuka kunno mana wannan abu, sai ki san yadda za ki kashe shi."

"Yaya, yaushe na fara aikin? Ko kujerar kaina ba su ba ni ba tukuna."

"To ki kashe shi a tsaye."

Katun ɗin tsoho ne, ya girme ni. Da shi Yaya ta tashi, da shi na tashi, bayan la'asar ake sa shi. Wani yaro ne da ƙanwarsa suke yawo a kan keke ɗaya, da wata agwagwa matsoraciya a cikin kwandon gaba. Duk garin da suka sauka sai sun tarar da abin tsoro. Da yaren waje suke magana, ba ma jin komai, amma ba sai an fassara wa yaro tsoro ba. Kuma kowane kashi iri ɗaya yake ƙarewa. Kiɗan gudu ya tashi, abin ya biyo yaran, ya miƙo hannu zai cafke su, sai kawai ka ga wani mutum mai tabarau a zaune yana karanta sanarwa. Mako mai zuwa yaran su sake fitowa a kan kekensu lafiya lau, ba wanda ya ce maka yadda aka yi. Fatalwar kuwa tana nan inda aka bar ta, cikin kanka.

Na tsani katun ɗin nan tun ina ƙarama, da na yi karatu kuma sai na sami dalilan tsanarsa. A ganina babu rashin tunanin da ya kai a tara yaran gari gaban akwatin talabijin kowane mako ana koya musu cewa duniya cike take da abubuwan da ba a tambayarsu, gudu kawai ake yi.

Gidan talabijin ɗinmu ƙarami ne. Bene ɗaya, doguwar baranda mai warin tsohuwar darduma, agogon bango da ya tsaya tun kafin a ɗauke ni aiki. Magana ɗaya ce ke riƙe da ginin nan, ba siminti ba: "Haka muka tarar." Ka tambayi me ya sa ake kulle ɗakin karatu a bar makulli wurin direba, haka muka tarar. Ka tambayi me ya sa ba a gyara agogo, haka muka tarar. Saboda yawan tambayata suka sa mini suna Digiri, kuma ba yabo ba ne.

Da Manaja ya aiko a kira ni, na ɗauka wani faɗan ne. Na same shi yana ɓare lemo a kan tsohuwar jarida.

"Malama Digiri, zauna. Iyaye sun dame mu da waya a kan katun ɗin fatalwoyin nan. Wai na tashar jirgin nan ya hana yara sakat. Za mu sauke shi. Amma ba a sauke shiri sai an yi sharhi kwamiti ya zauna. Ke za ki yi sharhin."

"Ranka ya daɗe, da ma tuntuni ya kamata."

"Na san za ki ce haka, shi ya sa na kira ki. Mako mai zuwa za a nuna shi na ƙarshe. Idan an gama, kafin sanarwa, za mu ba ki 'yan mintoci ki fito ki yi wa iyaye bayani. An ce kina da baki, to ga kyamara."

Ban taɓa fitowa a talabijin ba. A hanyar gida na tsaya na sayi sabon mayafi mai ruwan toka, wanda ba zai yi ƙyalli a fitila ba. Ina tafe ina shirya jimloli a raina, kowace ta fi 'yar'uwarta zafi.

Ka'idar gidanmu wajen sharhi ita ce a ba ka kaset ɗin da aka naɗa daga iska, wato abin da ya fita mutane suka gani, shi za ka kalla ka yanke hukunci. Da jin ta ka ce ka'ida ce mai kyau. Na kalli nawa, na cika shafuka da fushi. Abu ɗaya ya rage mini. A makaranta an koya mana ba a yi wa aiki sharhi ba tare da faɗin wanda ya yi shi da shekarar da aka yi shi ba, kuma waɗannan a ƙarshen kaset suke. Sai a lokacin na lura cewa duk tsawon rayuwata ban taɓa ganin sunan ko mutum ɗaya da ya zana katun ɗin nan ba.

Kaset na asali yana ɗakin watsa shiri, wurin Almakashi. Dattijo ne mai son shayi, kullum cikin rigar sanyi saboda na'urar sanyaya ɗakin ba ta jin magana. Bai taɓa riƙe almakashi a wurin aiki ba. Sunan ya samo asali ne daga jan maɓallin da ke gabansa, wanda idan ya danna sai shirin da ake yi ya yanke, a koma ɗakin sanarwa.

"Baba, na asalin nake so in gani."

"Na iska bai ishe ki ba? Duk waɗanda suka riga ki na iska suke kallo."

"Sunayen masu shirin nake nema."

"Sunaye." Ya girgiza kai, ya tashi yana dafa gwiwa, ya zaro kaset daga kanta ya hure ƙura. "Digiri, ke ko an ba ki ruwa sai kin tambayi sunan rijiyar."

Ya sa mini a wata ƙaramar na'ura a kusurwa, ya koma wurin shayinsa ya ba ni baya.

Gaskiya ɗaya ce, wanda ya zana kashin nan ya iya aikinsa. Tashar tsohuwa ce, fitila ɗaya ke ci a bakin dandamali. Mai sayar da tikiti, wani mai sanƙo da gashin baki, yana ta nuna wa yaran ƙofar sito yana kaɗa yatsa, alamar kada su kusanci wurin. Fasinjoji sun gudu sun bar kayansu. Sai wani kuka ya taso, dogo, kamar iska a cikin bututu. Fatalwar ta fito daga bayan sito, fara fat, tsawonta ya kai rufin kwano, idanunta biyu suna haske, tana tafiya tana rangaji kamar ba ta da gwiwa. Agwagwa ta cusa kai a aljihun yaron. Kiɗan gudu ya tashi.

Jikina ya san wurin. Na ji kafaɗuna sun sauka, ina jiran mai tabarau da sanarwarsa. Bai zo ba.

Fatalwar ta ci gaba da bin su. Agwagwa ta faɗo daga kwando, ƙafarta ta sarƙe da wani tiyo da ke kwance a ƙasa, ta ja shi da gudu, tiyon ya harɗe fatalwar. Ta yi tangal-tangal ta kife a kan buhuna. Yarinyar, ƙaramar cikinsu, ta tsaya da gudu. Ta juyo. Ta taka a hankali ta kama gefen farin abin ta yaye.

Zanen gado ne. A ƙarƙashinsa mai sayar da tikiti ne, sanƙonsa yana ƙyalli, ya ɗaura dogayen sanduna a ƙafafu, fitilun keke biyu a jikin hularsa, mazurari a bakin tiyo wanda da shi yake yin kukan. Aka buɗe sito, ga kayan fasinjoji jibge. 'Yan sanda suka tafi da shi yana ɗingishi da sanda ɗaya a ƙafa. Agwagwa ta sa hular mai fitilu tana taƙama, ta hango kanta a madubi, ta suma. Sai sunaye suka fara hawa.

Ban rubuta ko ɗaya ba. Na daɗe a zaune ina kallon su suna wucewa.

"Baba," na ce, "ka taɓa kallon ƙarshen abin nan?"

"Wutsiyar? Me zan kalla a wutsiya?"

"A ina kake yankewa?"

"Inda ake yankewa mana. Da kiɗan gudu ya yi nisa sai in danna." Ya juyo da kujerarsa, ya ga fuskata, ya ajiye kofi. "Ki ji, 'yata. Lokacin katun ɗin ya fi wanda aka ba shi tsawo, sanarwa kuma ba ta jira. Dole a rage wani wuri. Wanda ya koya mini aiki, Allah ya ji ƙansa, shi ya ce mini bayan gudu babu komai sai surutu, a tsaya ana ta magana da yaren da yara ba sa ji. Me yaro zai yi da surutu? Gudun suke so. Sai mu bar musu mai daɗin, mu yar da wutsiya. Tausayinsu muka ji."

"Mutum ne a ciki, Baba."

"A cikin me?"

"A cikin fatalwar. Mutum ne da zanen gado."

Na mayar da kaset baya na nuna masa. Ya kalla hannunsa a kan baki. Da aka yaye zanen ya ce, "Kai! Ɗan banza, ashe kai ne!" Ya kwashe da dariya har da tari. Da dariyar ta lafa ya dubi kantar da ke cike da kaset.

"Duka haka suke?" ya tambaya.

Muka ɗauko uku da ka, muka duba wutsiyarsu. Dodon rijiya mai gidan haya ne da rigar roba. Matar da ke kuka a gidan kallo injin faifai ne da madubi. Duka haka suke. Shirin da na ɗauka yana koya wa yara gudu, abin da yake koyarwa ke nan tun farko: ka tsaya, ka juyo, ka ɗaga zanen ka duba. Mu ne muka tsaya a tsakani shekara da shekaru muna datse darasin daidai inda zai fara, ba don mugunta ba, sai don babu wanda ya taɓa barin kaset ya kai ƙarshe. Da mugunta ce ma da ta fi mini sauƙi, akwai wanda zan riƙe.

Na ɗauki wutsiyar a wayata na nufi gida da sauri. Na sami Gyaɗa a bakin ƙofa tana jiran mai raka ta.

"Gyaɗa, zo ki ga wani abu. Fatalwar nan mutum ne. Mai tikitin nan ne mai sanƙo."

Ta kalli wayar da gefen ido, daga nesa, har aka yaye zanen. Sai ta taɓe baki.

"Wannan ai na waya ne, Anti."

"To mene ne?"

"Ke kika ce abin waya haɗawa ake yi. Kika ce wa Mama kada ta yarda da komai na waya."

Yaya, da ke yanka albasa, ta yi dariya har ta ajiye wuƙa. "Wa'azinki ne ya dawo miki. Kullum kina kanmu, ga shi ɗaliba ta haddace."

"Kuma a talabijin ba a nuna haka ba," Gyaɗa ta ƙara. "A talabijin ta kama su. 'Yan ajinmu duk sun gani."

Na raka ta banɗaki. Ta riƙe hannuna da hannu biyu, ta rufe ido har muka wuce igiya. A nan na gane cewa idan aka sauke shirin nan yadda aka shirya, abin da Gyaɗa ta gani na ƙarshe shi ne farin hannu yana miƙowa, kuma da shi za ta zauna, kamar yadda na zauna da nawa.

Kwamiti mutum uku ne idan an haɗa da ni: Manaja, da Shugabar Talla wadda sanarwa ke hannunta, sai ni mai sharhi. Na roƙa aka kira Almakashi da na'urarsa. Ban karanta shafukana ba, na ce a kalli kaset kawai.

Da kiɗan gudu ya tashi, Manaja ya fara tattara takardunsa, shi ma jikinsa ya san wurin. Sai ya ga abin bai tsaya ba. Da aka yaye zane ya buga tebur.

"Mai tikiti! Wallahi tun farko ban yarda da gashin bakin nan nasa ba."

"Ranka ya daɗe, ɗazu kai ka ce aljani ne," in ji Shugabar Talla.

"Na ce yana kama da aljani."

Aka yi dariya, aka sake mayarwa aka kalli suman agwagwa. Na bari suka gama. Manaja ya share ido, ya gyara zama.

"To, alhamdu lillahi. An yi kuskure, an gano. Tunda da ma sauke shi za a yi, magana ta ƙare."

"Ba ta ƙare ba, ranka ya daɗe."

"Digiri, kada ki fara."

"Na riga na fara. Mun tsorata yaran gari tun daga iyayensu, muna da maganin a kan kanta, sai mu ce magana ta ƙare? Iyayen da suka bugo waya ba katun ne ya cuce su ba, mu ne. A ɗakin nan kowa ya san yanzu mutum ne a cikin zanen. A waje babu wanda ya sani. Idan muka sauke shi shiru, mun rufe yara a ɗaki da fatalwa mun tafi da makulli."

"To me kike so? A ci gaba da shi? An riga an ba wani shiri lokacin."

"A nuna wannan kashin ranar ƙarshe. Cikakke, har wutsiya."

Shugabar Talla ta ɗaga hannu. Mace ce mai natsuwa, ba ta ɗaga murya. "Ƙanwata, na ji ki, kuma kina da gaskiya. Amma kada ki kalli wajena. Kin ɗauka sanarwa wasa ce? Akwai wanda a nan zai ji rasuwar ɗan'uwansa. Akwai wadda yaronta ya ɓata a kasuwa. Ba zan ce mata ta jira agwagwa ta farfaɗo ba."

Ita ma tana da gaskiya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Manaja ya daɗe yana juya biro a hannu. Sai ya dube ni ta saman tabarau.

"Mintocin da ke hannuna a ranar nan, waɗanda na ba ki ne. Ba ni da wasu. Baba, za su isa wutsiyar?"

Almakashi ya lumshe ido yana aunawa. "Za su isa, in ba a sa sunaye ba."

"To kin ji. Ko ki fito ki yi wa iyaye bayaninki, ko a yaye wa mai tikiti zane. Ɗaya za ki ɗauka."

Na tuna mayafina mai ruwan toka, yana cikin leda ko ninkinsa ban warware ba. Na tuna jimlolina, waɗanda yanzu ma na sami sababbi da suka fi na da zafi, a kan gidajen da ba sa kallon abin da suke watsawa. Na so in faɗe su, Allah ya sani na so. Amma Gyaɗa ta ji bayanina a gida, a kyauta, bai raka ta banɗaki ba.

"A yaye zanen," na ce.

"Ikon Allah," in ji Manaja. "Yau Digiri ta zaɓi shiru. A rubuta ranar."

A baranda Almakashi ya tsayar da ni. "Akwai abu ɗaya da nake tsoro. Hannun nan." Ya nuna mini damansa. "Ba ya shawara da ni. Da ya ji kiɗan, tafiya yake yi. Ko za ki zo ki zauna kusa da ni?"

Na yi tunani. Idan ina gidan talabijin, ba wanda zai zaunar da Gyaɗa gaban akwatin, don Yaya tana da sauƙin kai, da yarinya ta yi kuka za ta kashe.

"Gida zan kasance, Baba. Ka san yadda za ka yi da shi."

Ranar ta zo da iska. Yaya ta dawo daga aikin safe ta yi wanki, igiya ta cika, har da babban zanen gadonta. Na ce ta bari sai gobe, ta ce rana ba ta jiran talabijin. Bayan la'asar na kunna akwati. Da Gyaɗa ta ga tashar jirgi ta miƙe za ta shige ɗaki.

"Zo ki zauna a cinyata. Idan aka gama kika ce ƙarya na yi, har ki girma ni zan riƙa raka ki."

"Har in yi aure?"

"Har ki yi jikoki."

Ta zauna, amma ta juya mini ƙirji, tana leƙen allon ta kan kafaɗarta. Yaya ta tsaya a bakin ƙofa da bokiti, wai wucewa take yi. Mai tikiti ya kaɗa yatsa. Kukan ya taso. Fatalwar ta fito tana rangaji, na ji yatsun Gyaɗa sun nutse a bayana. Kiɗan gudu ya tashi.

Ba fatalwar nake tsoro ba, hannun wani dattijo nake tsoro, a wani ɗaki mai sanyi can tsakiyar gari. Farin hannun ya miƙo. Daidai nan ne. Hoton ya ɗan girgiza, ko kuma idona ne.

Agwagwa ta faɗo daga kwando.

"Kalli, Gyaɗa. Kalli yanzu."

Ta juyo da rabin fuska. Tiyo ya harɗe sanduna, abin ya kife. Yarinyar cikin katun ta tsaya, ta juyo, ta taka. Gyaɗa ta saki bayana. Aka yaye zanen.

"La!" in ji Yaya daga bakin ƙofa, bokiti na ɗiga a ƙafarta. "Wannan mai sanƙon? Shi ne ya hana ni zuwa ɗebo ruwa ni kaɗai ina yarinya?"

Gyaɗa ta sauka daga cinyata ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashi, tana duban fitilun keken da mazurarin. Da agwagwa ta suma ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Sai mai tabarau ya fito da sanarwarsa.

Daga gidan maƙwabta muka ji yara sun kaure da ihu, wani yana cewa da ma shi ya sani.

Wayata ta yi ƙara. Almakashi ne.

"Digiri, ya fita?"

"Ya fita, Baba. Yaya ka yi da hannun?"

"Zama na yi a kansa. Har yanzu bai dawo daidai ba." Ya yi tari. "Wayar ofis tana ta ƙara. Wani mutum, da jin muryarsa ya yi jika, wai yana tambaya dodon rijiya fa, shi wane ne. Manaja ya ce a ce masa ana dubawa."

"Ana dubawa, ko haka muka tarar?"

"Ke dai ba kya gajiya. Ki zo gobe da wuri, akwai kaset da yawa a kantar nan."

Da na ajiye waya ban ga Gyaɗa a ɗaki ba. Na leƙa ta taga. Tana tsakar gida ita kaɗai, a gaban babban zanen, iska ta kumbura shi ya yi tsawo a kanta. Ta tsaya hannuwanta a baya. Na buɗe baki zan yi magana, Yaya ta dafa ni.

Gyaɗa ta kama gefen zanen ta ɗaga, ta leƙa ƙarƙashi. Babu komai sai bango da tsintsiya. Ta saki, ta matsa ga rigar aikin uwarta ta ɗaga, ta leƙa. Haka ta bi igiyar ɗaya bayan ɗaya, har tawul, tana barin shatin yatsu a jikin kowane fari.

"Wankina!" in ji Yaya a hankali, amma ba ta motsa ba.

Da ta kai ƙarshen igiya ta wuce banɗaki, ta ja ƙofa. Can muka ji muryarta daga ciki.

"Anti! Babu ruwa a buta!"